Tsohon keken tsere da kayan zamani: inda suke shiga da inda suke tirjewa

Duk wanda ya saba leƙa wurin masu sayar da kekunan gwanjo a nan Sakkwato ya san irin keken da nake nufi. Yana can jingine a ƙarshen layi, siriri, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, fenti ya koɗe, tayoyi sun tsattsage don tsufa. Yara ba sa ko kallonsa, hankalinsu na kan masu ƙaton taya da sifirin. Amma ka sa hannu ɗaya ka ɗaga shi, za ka ji nauyinsa bai fi rabin na Phoenix ko Hero da ake dakon itace da su ba. Kekunan tsere ne na shekarun 1970 da 1980, ƙirar Ingila da Faransa da Italiya da Japan, waɗanda suka gama zamaninsu a Turai suka biyo kwantena ta Kwatano ko Legas.

Tambayar da samari masu hawan keke da asuba a titin Wamakko da na Boɗinga suke yawan yi mini ita ce, za a iya tsige tsofaffin kayan irin wannan keke a ɗora masa na zamani? Ana iyawa. Sai dai firam ɗin ne ke da ta cewa, ba aljihunka ba. Akwai wurare ƙalilan da sabon kaya ke haɗuwa da tsohon ƙarfe, kuma kowannensu yana da ma'auninsa na milimita. Wani wurin ƙarfe yana haƙuri a lallaɓa shi. Wani wurin kuwa kana matsawa ka yi asara.

Kafin a kai nan, me ya sa ma mutum zai wahala a kan tsohon ƙarfe? Saboda ba duk ƙarfe ne ɗaya ba. Kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da bututunsa mai lamba 531 tun 1935, kuma an shafe gomman shekaru ana cin manyan tseren Turai a kansa. Italiya na da Columbus, Japan na da Tange da Ishiwata. Irin wannan bututu bangonsa ya fi kauri a bakin inda ake haɗi, ya sirance a tsakiya: a Columbus SL, misali, milimita 0.9 a baki, 0.6 a tsakiya. Shi ya sa yake da sauƙin nauyi, kuma yana ɗan lanƙwasa ya shanye gargadar hanya maimakon ya miƙo maka ita a ƙugu. Ga shi kuma garinmu busasshe ne, tsatsa ba ta samun abinci kamar a bakin teku. Alama mafi sauƙi ta gane firam mai kyau ita ce kaurin sandar sirdi. In ta auna milimita 27.2, to bangon bututun siriri ne, an yi shi da ƙarfe mai daraja. In ka ga 25.4 ko kusa da haka, bututun famfo ne kawai aka yi wa kwalliya; hau abinka yadda yake, amma kada ka zuba masa kuɗi.

Ka kuma shafa ƙasan bututun da ya gangaro daga wuya zuwa wajen feda, daidai bayan mahaɗar. In yatsanka ya ji ɗan tudu, ko fenti ya yi tsaga a zagaye, keken ya taɓa yin karo ta gaba. Bar shi. Ka sassauta notin sandar sirdi ka murɗa ta ka gani, don sandar alminiyam da ta shekara talatin cikin baƙin ƙarfe ba giris takan manne kamar an yi musu walda. Ranar da na ga wani ya ɗaure sirdi a mamatsin ƙarfe, mutum biyu suna juya firam ɗin gaba ɗaya suna gumi, ban ƙara sayen keke ban gwada wannan ba.

Wuri na farko da ake cin karo shi ne faɗin baya, wato tazarar da ke tsakanin kunnuwan nan biyu da wilin baya ke shiga. Duk lokacin da masu ƙira suka ƙara yawan giya, sai sun ƙara wa farantan haƙora wurin zama. Keke mai giya 5 a baya faɗinsa milimita 120 ne. Mai 6 ko 7, milimita 126. Daga giya 8 har zuwa 11, in dai birkin rim ne, milimita 130. Gaba ba ta da rigima, 100 ce jiya, 100 ce yau. Saboda haka sabon wili ya fi tsohon firam faɗi da milimita 4, ko kuma 10.

A nan ne baƙin ƙarfe ke nuna halinsa na kirki. In bambancin 4 ne, kana iya buɗe kunnuwan da manyan yatsunka ka zura wilin, ko da yake duk ranar faci sai ka yi wannan kokawa. Abin da ya fi shi ne a buɗe su dindindin, a sanyi, ba tare da wuta ba. Ana samun doguwar sandar ƙarfe mai zare, da noti biyu da washa biyu daga ciki, a riƙa juyawa a hankali. Ƙarfen yana da tsiya ɗaya: ka buɗe shi, ka saki, ya koma inda yake. Sai ka wuce ma'aunin da kake nema da nisa kafin ya yarda ya zauna. Don haka a buɗe, a saki, a auna, a sake, kaɗan-kaɗan, ba da zafin nama ba. Matsalar wannan hanya ita ce ɓangaren dama, wanda galibi aka ɗan dagargaza don ba farantin feda hanya, ya fi saurin bayarwa, sai duk milimita huɗun su tafi gefe ɗaya. Keken da aka yi wa haka yana tafiya a karkace kamar kare mai gudu, tayar baya ba ta bin sawun ta gaba. Maganin ba ya buƙatar injin komai. Ka ɗaura kirtani a kunne ɗaya, ka zagayo da shi ta gaban bututun wuya, ka dawo da shi ɗaya kunnen, ka ja ya miƙe. Sai ka auna daga kirtanin zuwa bututun sirdi, hagu da dama. In sun zo daidai, madalla. In ba su zo ba, gefen da ya rage shi za a bi da katako a dawo da shi. Bayan nan sai a daidaita fuskokin kunnuwan su kalli juna sosai, musamman in daga 120 aka taso, in ba haka ba aksil zai zauna a takure har wata rana ya lanƙwashe.

Wannan aiki na baƙin ƙarfe ne kaɗai. Alminiyam da kabon ba a yi musu, tsagewa suke yi. Ko a ƙarfen ma akwai irin wanda aka gasa don ya yi tauri, kamar Reynolds 753, shi ma ba a taɓa shi. Kuma don Allah, in mai walda ya ce bari ya ɗan sa wuta ya yi laushi, ka ɗauki kekenka ka yi gaba. Da tagulla aka haɗa waɗannan bututai cikin mahaɗai, kuma waldar lantarki irin ta ƙofa da taga huda bango mai milimita 0.6 take yi nan take.

Wuri na biyu shi ne wanda ba ya yafiya, kuma a nan na sha tawa. Gidan feda, wato gajeren bututun da ke can ƙasa inda aksil ɗin feda ke ratsawa, yana da zare a ciki, abin da makanikai ke kira tiredi. A ido duk iri ɗaya ne. A gaskiya kowace ƙasa da nata. Na Ingila, wanda Japan ta bi kuma duniya ta dawo kansa, faɗinsa inci 1.37 ne, zare 24 a kowane inci, tsawon gidan milimita 68, kuma kofin dama, wato murfin da ke riƙe boris a bakin gidan, ana ɗaure shi ne ta hagu, saɓanin noti na yau da kullum. Na Italiya milimita 36 ne, gida 70, duka ɓangarorin ta dama ake ɗaurewa. Na Faransa milimita 35, tazarar zare milimita 1, shi ma duka ta dama. Sannan ga Raleigh, wanda mu nan muka fi sani tun zamanin kakanni: kekunansa na talakawa da aka ƙera a Nottingham zare 26 suke da shi a inci, ba 24 ba, gidan kuma ya fi faɗi. Sunan Ingila ne a jiki, amma kayan ma'aunin Ingila ba sa shiga.

Nawa firam ɗin ɗan Faransa ne, ban sani ba. Na sayo sabon boris na zamani mai ma'aunin Ingila, na zauna a zaure bayan la'asar, na fara da kofin hagu. Ya shiga da yatsa zagaye biyu, uku, lafiya lau. Dalili kuwa inci 1.37 milimita 34.8 ke nan, bambancinsa da 35 bai kai kaurin farce ba. A zagaye na huɗu ya cije. Na ce tsatsa ce, na ɗiga mai, na sa sifana. Da ya ƙara cijewa na zura wa sifanar bututu don ƙarin ƙarfi. Sai na ga wasu 'yan siraran ƙarfe masu walƙiya suna zubowa a kan tabarma.

Washegari na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran keke kusa da Tsohuwar Kasuwa. Ya zura yatsa cikin gidan ya zagaya, ya fito da shi ya duba.

"Wa yay yi ma wanga aiki?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Kay yi ɓanna, ɗana. Wanga ɗan Faransa na. Zare ba a yi mai dole. In bai shiga da yatsa ba, ba shi shiga da sifana."

Bai taɓa riƙe littafin ma'auni ba, amma a ɗan gwangwaninsa na madara akwai tsofaffin kofuna iri-iri da yake gwadawa ɗaya bayan ɗaya da hannu, har ya san wane ne wane. Abin da ya ceci firam ɗin shi ne wani irin boris da ba ruwansa da zaren gida, ɓangarorinsa biyu ne ke ɗaure juna su buɗe su kama bango. Sai da na jira makonni kafin ya iso. Akwai kuma masu faɗaɗa gidan su yanka masa sabon zaren Italiya, tunda 36 ya fi 35, amma wannan na buƙatar kayan yanka na musamman da ba a samu a kowace rumfa.

Wanda ya yi sa'a nasa na Ingila ne ko na Italiya, hanya a buɗe take. Har feda irin ta Shimano Hollowtech II, mai aksil milimita 24 da boris ɗinta a waje, tana ɗauruwa kai tsaye. Sharaɗinta ɗaya: fuskokin gidan biyu su zama sumul kuma daidai da juna, don a kansu kofunan ke zama. Tsohon fenti mai kauri ko ɗan karkata yakan sa boris ya mutu da wuri. Ni dai a ƙurar hunturun Sakkwato na fi natsuwa da boris ɗin da ke rufe a cikin gida, mai aksil mai kusurwa huɗu. Ba ya burge kowa, amma ka ɗaura ka manta da shi.

Sai wili, inda lambobin da ke jikin taya ke ruɗa mutane. Tsofaffin kekunan Ingila da na kasuwar Amurka da yawa inci 27 ne, faɗin rim ɗinsu milimita 630. Na zamani, da ake kira 700C, milimita 622 ne. Kekenmu na gargajiya mai taya 28 kuwa 635 ne. Abin dariyar shi ne tayoyin gwanjo na Jamus sukan zo da rubutun inci 28 alhali 622 ne, wato sun fi inci 27 ƙanƙanta. Na sha ganin mai saye da mai sayarwa suna rantse-rantse a kan wannan, kowa da gaskiyarsa. Ka manta da inci, ka nemi lamba irin 32-622 a gefen tayar. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu ita ce ta rim, kuma ita ce ba ta ƙarya.

In ka cire wili mai 630 ka sa mai 622, bakin rim ya sauka ƙasa da milimita 4. Dole robar birki ta bi shi. Birkin tsere na zamani gajeren hannu gare shi, yana kaiwa daga milimita 39 zuwa 49, a auna daga tsakiyar ramin notinsa zuwa tsakiyar bakin rim. Tsohon firam yakan nemi fiye da haka. Akwai masu kaiwa 47 zuwa 57, akwai irin Tektro R559 mai kaiwa 55 zuwa 73. A nan ba a cewa ai ya kusa. Robar da ta hau kan taya maimakon rim za ta ci gefen tayar har ta fashe, kuma ba a tsaye take fashewa ba. Wani ƙaramin abu kuma: sabbin birki notinsu nutsewa yake yi cikin firam, tsofaffi kuwa a waje yake. Ko dai ka nemi mai dogon ƙusa da noti a waje, ko a faɗaɗa ramin bayan fok kaɗai, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe wilin gaba, zuwa milimita 8. Birkin faifai kuwa a cire shi daga lissafi. Siririn fok na da ba a ƙera shi don ɗaukar wannan murɗiya a ƙafa ɗaya ba.

Amma duk wahalar nan tana biya, kuma a ganina nan ne ainihin ribar aikin take. Rim ɗin alminiyam ya fi tsohon mai kurom kama birki nesa ba kusa ba, balle ranar da ruwan Agusta ya same ka a hanya. Milimita huɗun da wili ya sauka sun ba ka sarari na sa taya mai faɗin 28 ko 32, wadda ke jure yashin gefen titi da ramuka, kuma tsidau ba ya huda ta da sauƙi kamar siririyar 23. Cibiyar wilin baya ma ta fi ƙarfi. A tsohon tsari firiwil ake murɗawa a jikin cibiya, boris ɗin dama yana can ciki nesa da kunne, shi ya sa aksil ke yawan lanƙwashewa. A sabon tsarin Shimano mai kaset, wato jerin farantan haƙora da ake zurawa a jikin cibiya, boris ɗin ya matso kusa da baki. Abu ɗaya zan ce ka riƙe daga tsohon wilin: sandar nan mai liba da ke ɗaure shi. Kunnuwan da a kwance suke, kuma sabbin sanduna marasa nauyi ba sa matsewa yadda ya kamata. Kana taka feda da ƙarfi wili ya goce ya manne da firam.

Wajen kai ba shi da wuyar sha'ani. Tsohon fok inci 1 ne mai zare, wuyan kuma sanda ce mai milimita 22.2 da ke nutsewa ciki. Na zamani inci 1 da 1/8 ne, kamawa yake yi daga waje. Akwai 'yar sanda mai haɗa su, ƙasanta 22.2, samanta 28.6, sai ka ɗora sabon wuya da sabon kai mai kaurin 31.8. Tana aiki, amma ni ba ta yi mini kyau, kamar a sa wa mai babbar riga hular kwano. Ba dole ba ce ma, tunda inda hannu ke kamawa a ƙahon bai canza ba, milimita 23.8 ne, sabbin libobi suna hawa tsohon kai lafiya. Faransawa a nan ma sai da suka bambanta, nasu 22.0 ne, da takardar yashi na rage wa nawa wuyan abin da ya hana shi shiga, ina kallon ƙwallo. Macanjin giya na gaba yana son maɗauri mai 28.6, ko a sa wa mai faɗi ɗan cike. Na baya yana ɗauruwa a kunne mai zaren milimita 10, in firam ɗin na da shi.

Su libobin nan da suka haɗa birki da canjin giya wuri guda, Shimano ne ya fito da su a 1990, Campagnolo ya biyo baya a 1992. Kafin nan sai ka saki hannu ɗaya ka laluba ƙasa a jikin firam. Wanda ya taɓa neman canza giya a cunkoson kabu-kabu da Keke Napep na shataletalen Gidan Man Ada ya san darajar hannu biyu a kan kai. Inda tsofaffin libobin suke, akwai 'yan matsayan waya da ake ɗaurawa, shi ke nan. Sai dai liba mai ƙas-ƙas ba ta da sassauci: yawan ƙas ɗinta dole ya yi daidai da yawan farantan baya, kuma ita da macanji su zama 'yan gida ɗaya. Shimano da Campagnolo ba sa jituwa. Tsohuwar liba marar ƙas kuwa ba ta zaɓe, duk abin da ka ba ta za ta ja.

To giya nawa? A jerin kayan Shimano da aka daɗe da sani, Claris na da 8, Sora 9, Tiagra 10, daga 105 zuwa sama 11 ko 12. Samari idonsu na kan 11. Ni ina ganin ganin kitse ake wa rogo. Duk ƙarin faranti yana sirantar da sarƙa, kuma siririyar sarƙa da ta sha mai ta sha ƙura ba ta daɗewa. Ranar da ta tsinke maka a Kware, ko ka dawo cikin gari da wuya ka samu irinta a ranar, sai an aika Kano ko Legas. Sarƙar giya 8 kuwa ita ce ta 7, ita ce ta 6, kusan duk mai kayan keken gwanjo yana da ita a rataye. Ƙasarmu ma shimfiɗaɗɗiya ce. Ban da hawan da ke fitowa daga fadamar Rima da iskar hunturu in ta tare ka ta gaba, ba abin da giya 8 ba za ta yi ba. Abin da ya fi yawan giya amfani shi ne sauƙinta. Tsofaffin faranta na gaba 52 da 42 ne, an yi su don ƙartin tsere. Na zamani masu 50 da 34 sun fi tausayin gwiwa.

Nawa yanzu giya 8 ne, taya 32, tsohon kai da tsohon wuya, fentinsa na asali da duk tabonsa. Abu na ƙarshe da ya ba ni mamaki shi ne bakin tub. Sabbin rim na tsere siririn baki suke ɗauka, irin na Faransa mai ɗan noti a kai, kuma injin iskar mai faci na babur da mota bai san shi ba. Ranar farko a Kwannawa muka tsaya ni da yaron mai faci muna kallon juna, tiyo a hannunsa. Akwai 'yar tagulla da ba ta kai gaɓar yatsa ba, ana murɗa ta a kai ta mayar da shi irin na mota. Biyu na saya, ɗaya tana kan wilin baya kullum, ɗayar tana cikin kuben wayata.